Ganau ma yakan yi kuskure

Wata rana da yamma na tsaya da mota a wata mahaɗar hanya, ina jira in hau babban titi. Na duba dama, na duba hagu, na sake duba dama. Titi fayau. Ɗaga ƙafata daga birki ke da wuya sai na ji ƙarar taya, ƙiiii, ga mai babur ya tsaya cak, gwiwarsa saura ƙiris ta daki ƙofata. Ya ɗaga gilashin hular kwanonsa ya ce, "Haba malam! Ai ido cikin ido muka yi da kai." Na ce masa wallahi ban gan shi ba. Ya yi mini kallon da ake yi wa maƙaryaci, ya girgiza kai, ya ja babur ɗinsa ya wuce.

Da a ce na buge shi aka kai mu gaban alƙali, da na rantse titi babu kowa, shi kuma ya rantse na kalle shi na taho. Duk wanda ke zaune a kotun zai ce dole ɗayanmu ƙarya yake yi. Wannan dolen ce nake jayayya da ita. Mun saba raba masu ba da shaida gida biyu, mai gaskiya da mai shaidar zur, alhali akwai gida na uku, kuma ina ganin ya fi na biyun cika: mutumin da ya faɗi ainihin abin da ya gani, tsakaninsa da Allah, amma abin da ya gani ɗin ba shi ne abin da ya faru ba. Muna cewa gani ya kori ji, muna kiran mutum ganau don mu nuna maganarsa ta fi ta jiyau. Haka ne, ta fi. Sai dai fifiko daban, tabbas daban, kuma a tsakanin su biyun an ɗaure mutane, an kashe wasu.

Kafin ka ce na cika surutu, mai karatu, ɗauki takarda ka gwada da kanka. Zana ƙaramin kuros a hagu, ka ɗiga baƙin ɗigo a dama, tsakaninsu kamar santimita takwas. Rufe idonka na hagu, ka kafa na dama a kan kuros ɗin, kada ka ɗauke. Riƙe takardar nesa, ka riƙa matso da ita a hankali. Idan ta zo kamar santimita talatin daga fuskarka, ɗigon zai ɓace ɓat. Ka lura da abin da ya maye gurbinsa. Ba rami za ka gani ba, ba duhu ba, farar takarda za ka gani sumul. In ka ja layi ya ratsa ta wurin, layin za ka gani a haɗe. A daidai wannan gurbi ne jijiyar gani ke fita daga bayan ido ta nufi ƙwaƙwalwa, don haka babu ƙwayoyin da ke karɓar haske a wurin. Wani Bafaranshe mai suna Edme Mariotte ne ya fara bayyana wannan a wajajen shekarun 1660. Kowane ido na da makahon gurbi irin wannan, tun ranar da aka haife ka kake yawo da shi, kuma ba ka taɓa ganinsa ba, domin ƙwaƙwalwa na yi masa faci da abin da ke kewaye da shi ba tare da ta sanar da kai ba.

Facin bai tsaya nan ba. Wurin da ido ke gani tar-tar ɗan mitsitsi ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsanka ba idan ka miƙe hannu. Duk abin da ke gefen wannan dishi-dishi ne. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya, yana tsalle sau uku zuwa huɗu a kowace daƙiƙa, kuma a lokacin tsallen ƙwaƙwalwa na rage karɓar hoto don kada duniya ta riƙa juya maka. Je gaban madubi ka kalli idonka na dama, sannan na hagu, ka yi ta yi. Ba za ka taɓa kama idanunka suna motsi ba, amma wanda ke tsaye kusa da kai yana ganin motsin sarai. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100, jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa kuwa zarenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Wato tun kafin saƙon ya bar ido an riga an tace, an taƙaita, an zubar da wani. Wannan faffaɗan hoto mai kyau da kake jin kana gani daga bango zuwa bango, ɗinki ne aka yi maka daga guntu-guntu, aka cike sauran da abin da aka saba gani.

Abin da ke burge ni shi ne maganar ba sabuwa ba ce. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce. A ciki ya kafa hujja cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke jefa haske waje ba kamar yadda wasu magabata suka ɗauka. Ya kuma ce haske da launi kaɗai ido ke karɓa kai tsaye, amma nisa da girma da siffa, da gane cewa wancan wane ne, duk ta hanyar ƙiyasi ake samunsu, ƙiyasin da maimaitawa ta sa ya yi saurin da mutum ba ya jin ya yi shi. Har kashi guda na littafin ya ware don kurakuran gani. A 1867 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya zo da magana kusan iri ɗaya, ya ce gani hukunci ne da ƙwaƙwalwa ke yankewa a ɓoye. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kimantawar ce aikinsa, kuma mai kimantawa yakan dace, yakan kuma kuskure.

Wanda ke hawa intanet a watan Fabrairun 2015 zai tuna hoton rigar nan da ta raba kan duniya. Wasu na rantsuwa fara ce da ruwan zinare, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, a kan waya ɗaya, a ɗaki ɗaya. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne hoton bai nuna irin hasken da ke wurin ba, sai kowace ƙwaƙwalwa ta yi nata hasashe: wadda ta ɗauka rigar na cikin inuwa ta cire shuɗin ta bar fari, wadda ta ɗauka hasken fitila ne mai ruwan ɗorawa ta cire ɗorawar ta bar shuɗi. Babu wanda aka tambaya wane hasashe yake so. Launi kawai aka miƙo masa, gamamme.

Hujjar da ta fi girgiza ni ta fito ne daga asibiti. A 1974 Lawrence Weiskrantz na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani majiyyaci da suke kira DB, wanda aka yi wa tiyata a ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda babbar cibiyar gani take, ya daina ganin abin da ke gefensa na hagu. Idanunsa lafiya lau, cibiyar ce ta taɓu. Sai a haska masa wani abu a gefen da ya makance a ce ya nuna inda yake. Ya ce ba ya ganin komai. A ce to yi canke. Ya miƙa yatsa, ya dace. A tambaye shi layin a tsaye yake ko a kwance, ya canka, ya dace, fiye da yadda sa'a kaɗai za ta iya bayarwa nesa ba kusa ba. Shi kansa ya yi mamaki da aka nuna masa sakamakon. A 2008 Beatrice de Gelder da tawagarta suka ɗauki bidiyon wani mutum da suke kira TN, wanda ciwon da ke shanye ɓarin jiki ya buge shi sau biyu ya lalata masa cibiyar gani ta ɓangarorin biyu, yana yawo da sanda kamar kowane makaho. Suka zuba tarkace a wani dogon baranda, suka karɓi sandar, suka ce ya taka. Mutumin nan ya bi ta tsakanin kayan yana kaucewa, yana karkata jiki, bai yi karo da ko ɗaya ba, kuma bai san ya kauce wa komai ba. Saƙon ido na da wasu ƙananan hanyoyi da ke bi ta can ƙasan ƙwaƙwalwa, suna iya tuƙa ƙafa da hannu ba tare da sun biya ta wurin da "na gani" ke fitowa ba.

A nan sai na ja birki kaɗan, don akwai masu jin irin wannan su zarce. A 1957 wani ɗan talla a Amurka, James Vicary, ya yi iƙirarin ya riƙa walƙa saƙon a sayi Coca-Cola da gugguru a majigin wani gidan silima, da saurin da ba wanda ya gani, kuma ciniki ya tashi. Hankalin jama'a ya tashi, aka yi ta rubuce-rubuce. A 1962 ya amsa cewa babu wani binciken kirki a bayan maganar. Har yau labarin na yawo. Abin da gwaje-gwaje na gaskiya suka nuna ya fi wannan ƙanƙanta: hoton da aka walƙa a ɓoye na iya ɗan karkata amsarka ta gaba na ɗan taƙaitaccen lokaci. Babu mai juya ka kamar waina da ɓoyayyen hoto. Haɗarin da nake magana a kai yana cikin aikin yau da kullum na lafiyayyen ido, ba sai wani ya ƙulla maka ba.

Dubi gwajin da Daniel Simons da Christopher Chabris suka yi a Jami'ar Harvard a 1999. Bidiyo ne na mutum shida suna jefa wa juna ƙwallon kwando, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallo. Ana cikin haka sai wata mata sanye da kayan goggon biri ta shigo tsakiya, ta tsaya, ta fuskanci kyamara, ta daki ƙirji, ta fita, daƙiƙa tara cur. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Da aka sake nuna musu, wasu cewa suka yi an canza bidiyon. Za ka ce ai waɗannan ba ƙwararru ba ne. To a 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa suka ba likitoci 24, waɗanda sana'arsu ke nan karanta hoton cikin jiki, hotunan huhu su nemo ƙananan ƙulluttai masu nuna ciwon daji. A cikin hoton ƙarshe suka saka ɗan hoton goggon biri wanda ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48. Ashirin daga cikin 24 ba su gan shi ba. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancin waɗanda suka rasa shi sun kalli daidai inda yake. Ƙullutu suka aiki idonsu ya nemo, ƙullutu ya kawo. Ni ma a mahaɗar nan mota na aiki nawa ya nemo.

Wannan rashin ganin abin da ke nan ke nan. Ɗaya fuskar ta fi muni, ganin abin da babu. Bayan tsakar daren 4 ga Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkari Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Bronx ta birnin New York. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat ɗinsa. Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya yi ihu cewa bindiga ce. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ba shi da makami ko na yankan farce. A shekara ta 2000 kotu ta wanke su duka. Bayan wannan ne wani mai bincike, Keith Payne, ya wallafa gwaji a 2001: a walƙa wa mutum fuska, ta Baƙar fata ko ta Bature, nan take a walƙa hoton bindiga ko na kayan aiki irin su filaya, a ce ya faɗi wanne ne cikin gaggawa. Idan fuskar Baƙar fata ce ta gabata, mutane sun fi ganin kayan aiki su ce bindiga ce. Masana na jayayya kan ko idon ne ya ga bindiga, ko kuwa hannu ne ya riga ido, domin in aka ba mutanen lokaci sukan gyara amsarsu. Jayayya ce mai amfani a ɗakin bincike. Ga wanda ke tsaye a bakin ƙofa da walat a hannu, duk ɗaya ne. Kuma kada a fahimce ni a baibai: cewa zato na shiga cikin gani ba wanke kowa ba ne. Wanda aka damƙa wa bindiga, aka ba shi ikon harbi, nauyin sanin wannan rauni da yi masa tanadi yana wuyansa da wuyan waɗanda suka horar da shi.

Sai kotu. A 1984 a jihar North Carolina ta Amurka wani ya fasa ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson ya yi mata fyaɗe. A cikin wannan tashin hankali ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo, da niyyar in ta rayu sai ta nuna shi. Aka kawo mata hotuna, ta daɗe tana dubawa, ta zaɓi Ronald Cotton. Aka jera mata mutane a tsaye, ta sake zaɓarsa, aka gaya mata ai shi ne wanda ta nuna a hoto. Zuwa ranar shari'a ba ta da sauran shakka ko ƙwayar zarra. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A shari'a ta biyu a 1987 aka kawo ainihin wanda ya aikata gabanta, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe sama da shekara goma a kurkuku. Matar nan ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Kama da wane ba wane ba ne, amma da zarar ƙwaƙwalwa ta ɗora fuskar Cotton a kan abin da ta gani a daren, ta goge ɗinkin, ba a ganin inda aka haɗa. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta ƙirga mutum 375 da gwajin DNA ya wanke tsakanin 1989 da 2020, kuma a kashi 69 cikin ɗari na shari'o'in akwai shaidar gani da ido da ta nuna wanda ba shi ba.

Na san abin da za a ce mini. In muka zubar da shaidar ido, da me za a yi shari'a? Yawancin laifuffuka babu DNA, babu kyamara, sai wanda ya gani. Kuma wannan magana tawa makami ce a hannun duk mai laifin da ke da lauya mai baki. Ƙorafin na da ƙarfi, ban raina shi ba. Ido na dacewa a mafi yawan lokuta, in ba haka ba da ba mu iya tsallaka titi ba. Wanda ya ga maƙwabcinsa na shekara ashirin da rana tsaka daga taku biyar, shaidarsa daban take da ta wanda ya hango baƙuwar fuska cikin dare, a guje, ga wuƙa a gabansa, hankalinsa duk a kan wuƙar. Kukana shi ne muna auna su biyun da ma'auni ɗaya, wato ƙarfin muryar mai shaida da yadda ya kafe. Alhali kafewar ranar shari'a ita ce ta fi sauƙin gurɓata, don tana ƙaruwa duk lokacin da aka ce masa "ka yi daidai", duk lokacin da ya sake ba da labarin.

Kuma wa'azi ba ya maganin abin. Akwai wani zane da wani masani mai suna Müller-Lyer ya fitar tun 1889: layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a buɗe, ɗaya a rufe. Sa rula ka auna, ka tabbatar daidai suke, ka ɗauke rular, ɗayan zai koma ya fi tsawo a idonka. Saninka ba ya kai wa inda ake yanke hukuncin. Saboda haka ce wa shaida ko ɗan sanda "ka riƙa lura" bai wadatar ba, tsari ake buƙata wanda zai tsaya a matsayin rula. A 2014 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da shawarwari masu sauƙi: jami'in da ke jera wa shaida mutane kada shi kansa ya san wanne ake zargi, don kada fuskarsa ta ba da satar amsa; a gaya wa shaida cewa mai yiwuwa ne wanda ya aikata ba ya cikin jerin; a rubuta kalmominsa na farko kan yadda ya tabbata, a lokacin, kafin kowa ya ce masa uffan; a ɗauki komai a bidiyo. Tun 2011 Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta sa a riƙa yi wa masu taya alƙali yanke hukunci bayani kan haske da nisa da firgici da makami da bambancin launin fata. Babu ɗaya a ciki da ke buƙatar wata na'ura mai tsada. Biro da takarda da wayar hannu sun isa, abin da ke da wuya shi ne hukuma ta yarda cewa jami'inta mai gaskiya ma na iya karkata shaida ba da saninsa ba.

Mu da ba alƙalai ba ma kullum cikin yanke hukunci muke. Bidiyon daƙiƙa ashirin ya zagayo waya, an riga an rubuta a samansa wane ne azzalumi, kafin mu danna an gaya wa idonmu abin da zai nema. Tun a 1954 Albert Hastorf da Hadley Cantril suka nuna wa ɗaliban jami'o'in Princeton da Dartmouth fim ɗin wani wasan ƙwallon Amurka mai zafi da makarantunsu suka buga a 1951. Fim ɗaya, amma laifuffukan da ɗaliban Princeton suka ƙirga wa 'yan wasan Dartmouth sun ninka waɗanda ɗaliban Dartmouth suka ƙirga wa nasu fiye da sau biyu. Wasa ne wannan, ba a rasa rai ba. Amma wannan idon ne dai ke cikin taron da ke bin mutum a guje bayan wani ya yi ihun ɓarawo, inda cikin minti biyu za ka sami ganau goma, kowanne a shirye yake ya dafa littafi.

Mai babur ɗin nan bai bar raina ba. Shekaru ina gaya wa kaina cewa idona ya sauka a kansa amma hankalina bai ɗauke shi ba, kamar likitocin huhu. Sai na ci karo da aikin wasu masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila na 2019, da ya nuna wasu direbobi na kallon babur sosai a mahaɗa, amma kafin su juya kai su dubi ɗaya gefen su dawo, ya zube daga ƙwaƙwalwarsu cikin daƙiƙu kaɗan. Suka ba da shawarar direba ya furta kalmar "babur" da bakinsa da zarar ya hango shi. Ke nan ta yiwu da ya ce mun haɗa ido, mun haɗa ɗin, na gan shi, na juya hagu, na mance, sannan na rantse masa da Allah ban gan shi ba. Yanzu in na tsaya a mahaɗa sai in ce "babur" da ƙarfi, ko da akwai mutane a motar, su kuwa su yi ta dariya.